Tanda ba ta kashe wutarta banza

Wajen ƙarfe uku na dare yayata ta kira ni daga unguwar Aboabo a Kumasi. Ta kwaɓa fulawa buhu biyu, kwaɓin ya tashi har yana leƙowa daga gwangwanaye, masu shayi za su fara sallama da zarar an idar da sallar asuba, ga tandar gas ta ƙi riƙe wuta. A danna maɓalli a kunna, ta kama. A ɗauke hannu, ta mutu. Kafin in iso, yaron da ke taya ta aiki ya riga ya samo tasa dabarar. Ya danne maɓallin ya naɗe shi da robar tsohon tayar keke, wuta na ci, ƙamshin burodi ya cika tsakar gida. Da fara'arsa ya tarbe ni.

"Masta, ai na gyara."

Na ce ya kwance. Yaya ta dube ni, ta dubi kwaɓinta.

"Haba ƙanena, bari wannan zubin ya fita tukuna."

"Yaya, zai fita, amma ina tsaye a nan ina kallon wutar. Kuma ba zan bar gidan nan robar nan na jikin maɓallin ba."

Ban ga laifin yaron ba, don abin da ya yi shi ne abin da na sha tararwa a gidajen burodi da ɗakunan girki daga Asawase har Tafo. Mutum ya ga wuta na mutuwa, sai ya ɗauka mutuwar ce ciwon, ya nemi hanyar hana ta. Alhali mutuwar wutar saƙo ne. Ruwa ba ya tsami banza. Duk wata na'urar gas da aka ƙera da hankali, tanda ce, hitar ruwan wanka ce, ko fitilar ɗumama 'yan tsaki, an gina ta ne ta rufe kanta idan wani abu ya karkace. Gyara shi ne gano abin da ya karkace. Wanda ya toshe bakin na'urar bai gyara komai ba.

Bari in fara da abin da yaron ya ɗaure. A bayan maɓallin nan akwai bawul wanda sifirin ke turawa ya rufe, kullum, ba dare ba rana. Abin da ke riƙe shi a buɗe wani ɗan maganaɗisun lantarki ne, kuma wutar da ke ciyar da shi ba daga soket take zuwa ba, ba daga batir ba. Daga wani siririn ƙarfe take zuwa, wanda kansa ke zaune cikin 'yar wutar da ake fara kunnawa. Masu gyara suna ce masa tamokoful. Ni mai gadi nake ce masa in ina yi wa masu tanda bayani. Ƙarafa biyu ne mabambanta aka haɗe bakinsu, in mahaɗar ta yi zafi sai lantarki kaɗan ya taso, abin da masanin nan na Jamus Thomas Seebeck ya gano tun 1821. Kaɗan ɗin nan kaɗan ne sosai, milibolt 25 zuwa 30. Batir ɗin tocila mai bolt 1.5 ya ninka shi sau hamsin. Ba zai iya jawo bawul ya buɗe ba, riƙewa kawai zai iya in an riga an kai masa. Shi ya sa ake dannewa da yatsa daƙiƙa 20 ko 30, har kan ƙarfen ya yi zafi ya karɓi aikin. In iska ta kashe wutar, ƙarfen ya huce, maganaɗisu ya saki, sifirin ya rufe hanya.

To in an ɗaure maɓallin, wuta ta mutu ba wanda ya gani, gas zai ci gaba da zuba. Gas ɗin tukunya, wato cakuɗen furofen da butan, ya fi iska nauyi da wajen ninki ɗaya da rabi zuwa biyu. Ba ya tashi sama ya watse, kwanciya yake a gindin tanda, ya malala ƙasa kamar ruwa, ya bi kwata, ya shiga ƙarƙashin ƙofa. Kuma ba sai ya yi yawa ba. In ya kai wajen kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, ashana ɗaya ta isa. Mai tanda ya dawo ya ga duhu a ciki, ya sunkuya da fuskarsa ya ƙyasta.

Idan wuta na mutuwa da an saki maɓalli, da yawa sukan garzaya su sayo sabon tamokoful, su saka, kwana biyu matsalar ta dawo. Ni ban cika fara zarginsa ba. Nakan fara duba 'yar wutar da ke gasa shi. Ya kamata ta zama shuɗiya, tsayayya, ta lulluɓe kan ƙarfen. In ta yi rawaya tana lilo, ko ta gajarce ba ta kai gare shi ba, mai gadi lafiyarsa lau, abinci ne ba ya isa gare shi. Sai in duba ko baƙin hayaƙi ya rufe kansa, in goge. Sai in taɓa notin da ya haɗa shi da bawul, don lantarki mai ƙanƙanta haka ɗan sako-sako ko tsatsa kaɗan ta ishe shi ya ɓace. A ɗaure da hannu a ƙara kwata ɗaya da sifana, kada a matse shi kamar notin tayar mota. Sai bayan duk wannan nake ɗora mita in auna. In kan ya yi ja amma mita ba ta nuna ko rabin abin da ya kamata ba, to shi ne ya mutu. In ya ba da cikakken lantarki amma bawul bai riƙe ba, maganaɗisun ne.

A tandar Yaya ba ɗaya daga cikin waɗannan ƙarafan da ya lalace. Zanzaro ne ya yi gininsa na laka a cikin bututun da ke jawo wa 'yar wutar iska.

Nan ne asalin karatun yake, a harshen wuta. Kusan duk bonar da muke amfani da ita, wato kan da wuta ke ci a kansa, jikanyar wadda Robert Bunsen ya fito da ita ce a 1855. Gas na fitowa da gudu ta wani ɗan rami, jet, gudun nan ya tsotso iska ta ƙofofin gefe, su gauraya a cikin bututu kafin su kai inda wuta take. Gas mayunwacin iska ne. Mudu ɗaya na furofen yana son mudun iska wajen 24, butan kuma wajen 31. In ya samu, wuta shuɗiya ce, gindinta na da tsini a fili, tana huci a hankali. In bai samu ba, sai ta yi rawaya, ta yi tsawo, ta yi laushi kamar wutar kyandir, ta shafa wa gindin tukunya baƙi. Abubuwan da ke toshe iska a garin nan sanannu ne: ginin zanzaro, saƙar gizo-gizo, gawar kyankyaso, ƙurar fulawa da ta haɗu da maiƙo ta zama danƙo, da tsatsar da damina ke haifarwa a cikin bututu. Akasin haka kuma, in wuta ta ɗaga daga bakin bona tana ruri, tana neman tashi, iska ce ta yi yawa ko ƙarfin gas ya wuce kima. In ta yi ƙara fam ta koma tana ci a cikin bututun kusa da jet, ƙarfin gas ne ya faɗi ko ramukan bona sun ci sun yi faɗi.

Akwai launi guda da bai kamata ya tayar wa kowa hankali ba. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, za ka ga tartsatsi ruwan lemo na gilmawa cikin shuɗiyar wuta. Ƙura ce ke ƙonewa. Bambancin a gindin tukunya yake, ƙura ba ta barin baƙi. Haka ma in tukunyar gas ta kusa ƙarewa, kan wutar kan ɗan yi rawaya, saboda furofen ya riga butan tashi, abin da ya rage a ƙasa ya fi son iska. A lokacin ne ma warin ke ƙara ƙarfi, domin sinadarin makaftan da ake zubawa don a ji yoyo yana taruwa a ƙasan tukunya. Shi gas ɗin kansa ba shi da wari.

Abin da ya fi ɓata mini rai a sana'ar nan allura ce. Wuta ta yi rauni, sai wani ya ciro jet ya soka masa allura ko ƙaramar ƙusa yana murzawa. Jet tagulla ne mai laushi, raminsa kuma an auna shi daidai da bonar da aka yi shi dominta. In faɗin rami ya ninka biyu, gas ɗin da ke wucewa ninki huɗu yake yi, iskar da bututu ke iya jawowa kuwa ba ta bi shi ba. Ranar farko mai tanda zai yi godiya, ga wuta ta girma. Bayan mako guda burodi na warin hayaƙi, tukunyar gas da ke yin kwana biyar ta koma kwana uku. Garin neman gira an rasa ido. Jet wanke shi ake yi, a hura shi da iska. In ya riga ya sha allura, sai dai a sake wani mai lamba iri ɗaya.

Wannan ya kai ni ga kayan da ake shigowa da su daga Turai, na hannu, waɗanda muke so saboda ƙarfensu mai kauri ne. Gidaje da yawa a can gas na bututu suke amfani da shi, wanda mu a nan ba a jawo mana shi gidaje. Wancan gas ɗin mara nauyi ne, zafin da ke cikin mudunsa bai kai rabin na gas ɗin tukunya ba, don haka jet ɗinsa mai faɗi ne, kuma ƙarfin turinsa wajen miliba 20. Ka haɗa irin wannan murhun girki ko hita da tukunyarmu ba tare da an canja jet ba, daidai yake da jet ɗin da ya sha allura tun daga masana'anta. Kafin ka biya kuɗi, juya bayan na'urar ka karanta ɗan allon da ke manne. G20 gas na bututu ne. G30 butan, G31 furofen, su ne namu. In G20 kaɗai ka gani, tambayi mai sayarwa ko jet ɗin canji na cikin kwalin, in babu ka san akwai sauran kashe kuɗi a gabanka.

Wani lokacin kuma na'urar ba ta da laifi ko kaɗan. Mai gidan burodi zai ce maka tanda na farawa da ƙarfi, bayan awa guda wuta ta yi ƙasa, alhali tukunya da nauyinta. Je ka taɓa tukunyar. Za ka ji ta yi sanyi ƙalau tana gumi, wani sa'in har da farar ƙanƙara daidai inda ruwan gas ya tsaya. Abin da ke ciki ruwa ne, sai ya tafasa yake zama iska, kuma zafin tafasar daga jikin ƙarfen yake aro. In ana ja da sauri fiye da yadda iskar waje ke rama masa zafin, sai ya yi ta sanyi. Butan a wajen digiri sifiri yake daina tafasa, furofen sai a 42 ƙasa da sifiri, don haka tun kafin a kai can turin ya riga ya faɗi. Tukunya mai kilo 14.5 an yi ta ne don girkin gida, ba don tandar da ke cin buhu biyu a dare ba. Na ga masu kwara mata tafasasshen ruwa, na ga masu matso da ita jikin tanda, na ga masu kwantar da ita a gefe. Wannan na ƙarshen shi ya fi muni, don ruwan gas ne zai shiga tiyo maimakon iska, kuma kofi ɗaya na ruwan nan yana zama kofi wajen 250 in ya fito. Maganin ba shi da wuya: babbar tukunya, ko biyu zuwa uku a jere kan bututu ɗaya su raba nauyin, a tsaye, a waje, a inuwa.

Regileta ma, wato kan da ake ɗaurawa a bakin tukunya don daidaita turin gas, iri biyu ne a kasuwa, kuma ana rikita su. Akwai mai ƙaramin turi, miliba 28 zuwa 37, wanda kukar gida da hita da tandar kamfani ke so. Akwai mai murɗawa, wanda masu dafa wake da shinkafa a manyan tukwane ke amfani da shi, turinsa na iya ninka wancan sau gomomi. Ka sa na biyun a inda ake son na farko, wuta ta tashi daga bona, bawul ya lalace. Dutsen da ake ɗorawa kan regileta in yana shii kuwa, wanda hukumar kashe gobara ta sha jan kunne a kansa, yana nuna cewa 'yar robar da ke bakin tukunya ta mutu ko regiletan ya saki. Dutse ba ya hana yoyo, rage ƙararsa yake. Ruwan sabulu a soso, a shafa a kowace mahaɗa da tsawon tiyo, kumfa za ta nuna wurin.

Hitar ruwan wanka ta gas ta fara shiga gidajen haya da masaukai, musamman tun da mutane suka ɗanɗana yankewar lantarki. Ita da kunne ake gano ciwonta, domin aikinta a jere yake. Ka buɗe famfo, ruwa ya tura wata faffaɗar roba, robar ta taɓa ɗan makunni, batir biyu manya su fara ƙyasta wuta kana jin tas-tas-tas, bawul ya buɗe, wuta ta kama, wani tsinken ƙarfe ya shaida cewa ta kama. Inda jerin ya tsaya, nan ciwon yake. In ba ka ji tas-tas ba, batir ne ko ruwa. Kuma sau da yawa ruwa ne, domin gidajenmu da tanki muke rayuwa ko da famfon madatsun ruwan Barekese da Owabi na zuwa, kuma kowace mita ɗaya ta tsayin tanki turin miliba 100 kawai take bayarwa. Tankin da ke mita biyu sama da hita, ga 'yar rariyar bakin shiga ta cika da yashin burtsatse, ba zai motsa robar ba. In kana jin tas-tas amma ba wuta, koma wajen tukunya da regileta. In ta kama ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi, tsinken shaidar ne ya yi datti ko ya kauce. In ta yi mintuna tana aiki sannan ta yanke, ko dai ruwa ya yi zafi fiye da kima saboda bututun ciki ya cushe, ko hayaƙi ba ya samun hanyar fita.

A wannan na ƙarshen ne na fi jin tsoron mai gyaran da ke haɗe wayoyi biyu ya tsallake na'urar tsaro. Kilo ɗaya na gas na cinye iska sama da kubik mita 12. Ƙaramin banɗaki gaba ɗayansa bai ɗauke wannan ba. In aka kafa hita a ciki, aka rufe ƙofa da taga, tururi ya cika, iska mai kyau na raguwa, wuta na komawa rawaya, sai ta fara fitar da kabon monoksaid. Wannan ba shi da wari, ba shi da launi, kuma warin makaftan ba ya faɗakar da kai game da shi, don an riga an ƙone shi. Jini na kama shi fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da ɗoriya. Alamominsa ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, wato abin da kowa a zango zai kira maleriya ya aika a sayo magani. Abin lura shi ne ba zafin jiki, yakan kama mutum biyu ko uku a lokaci guda, kuma yakan lafa in an fita waje. Wanda ya faɗi a irin wannan ɗaki a fito da shi sarari a wuce da shi asibiti, Komfo Anokye ko mafi kusa, a kuma gaya wa likita cewa akwai wutar gas a inda aka same shi. Hita waje ake kafa ta, ko a ja mata bututun hayaƙi har waje. Masu kiwon kaji ma su ji wannan. 'Yan tsaki na son zafin digiri 32 zuwa 35 a makon farko, sai mai kiwo ya lulluɓe ɗaki da leda ko'ina don kada zafi ya gudu, da safe ya tarar sun yi laushi, ya zargi mai ƙyanƙyasa. A bar wa iska hanya ta sama.

Bayan fashewar tashar gas ta Atomic Junction a Accra ranar 7 ga Oktoba 2017, wadda ta kashe mutum 7 ta jikkata sama da 100, gwamnati ta rungumi tsarin musayar tukunya ƙarƙashin hukumar kula da harkar man fetur ta ƙasa, NPA: ka kai wadda ta ƙare, ka karɓi cikakkiya, kamfani ya ɗauki nauyin duba lafiyar tukwanen. Ina goyon bayan tsarin, don na ga tukwanen da gindinsu ya ruɓe ana ci gaba da cika su. Amma ikonsa a bakin tukunya ya tsaya. Daga regileta zuwa tiyo zuwa jet zuwa bona, ba mai dubawa sai mai gida da mai gyaran da ya kira. Ƙasa na burin rabin jama'a su koma girki da gas nan da 2030, kuma maƙeranmu na Magazin a Suame na ƙera tanda masu kyau da ƙarko, sai dai da yawa bututu ne mai ramuka da famfon buɗewa, ba mai gadi a jiki, saboda mai saye ya nemi ragi. A ganina nan ya kamata a matsa: kada tandar kasuwanci ta bar hannun maƙeri ba bawul mai rufe kansa. Kuɗinsa bai kai asarar zubin burodi guda ba. Mai irin wannan tanda kuwa, kafin ya saka, ya riƙe tsarin kunnawa: ƙofa a buɗe, wuta a hannu tukuna sannan a murɗa gas. In ba ta kama ba, a rufe, a bar ƙofa a buɗe mintuna biyar. In wari ya cika ɗaki, kada a taɓa makunnin lantarki, a rufe tukunya, a buɗe ko'ina, a fita a kira 192 ko 112 daga waje.

Zubin farko ya fita ina tsaye. Na rufe gas, muka jira tanda ta huce, na kwance bututun na kakkaɓe lakar zanzaro a tafin hannun yaron don ya gani da idonsa. Na mayar, na shafa ruwan sabulu, na kunna. 'Yar wutar ta miƙe shuɗiya ta rungume kan ƙarfen. Na saki maɓalli, ta tsaya.

Akwai gwaji ɗaya da ba na barin wuri ban yi shi ba, kuma ina so mai tanda ya kasance a wurin. Na ce su yi shiru. Na rufe babbar bona, na hure 'yar wutar, muka fara ƙirga tare. Ana kiran assalatu a masallacin bayan gida. Muna kaiwa talatin da ɗoriya sai muka ji ƙas daga cikin bawul, shiin gas ya ɗauke.

"Yaya, kin ji wannan ƙarar? Duk ranar Juma'a ki sa shi ya yi gwajin nan. Ranar da kuka ƙirga har sittin ba ku ji ta ba, ki rufe tukunya ki kira ni."

Yaron ya tsince robar daga ƙasa ya jefa a kwandon shara, ya je ya ɗauko gwangwanayen zubi na biyu.